Rawanin Mai Shara

Lahadi, 9 ga Yuni

An fara sassaƙa ƙafafun karusa a ƙofar haikali, ƙarar guduma har kicin ɗina. Saura kwana ashirin da shida a fito da Jagannath, ubangijin haikalin, a kan karusar, wato haukan baban Litu ya kusa tashi.

Duk shekara mutum ne kamar kowa, tsohon ma'aikacin gidan waya mai neman tabarau alhali yana kan hancinsa. Da ya ji gudumar nan sai ya tuna kakansa ya mulki garin nan namu, Sunagar, har tafiyarsa ta canza. Sarautar da gwamnati ta karɓe tun ba a haife shi ba! Abin da ya rage mana gida ne mai ɗaki goma sha huɗu, goma suna yoyo, sai tsintsiya mai mariƙin azurfa da ƙyallen rawani yadi tara. Rana ɗaya a shekara a naɗa masa, ya hau karusa ya share ta a gaban jama'a. In bai share ba, babu mai taɓa igiyar jan ta.

Na ce masa, mutumin da bai taɓa share ƙarƙashin gadonsa ba. Ya ce, "Ai can aikin sarki ne, nan kuwa..." Sai ya ga idona, ya koma kan jaridarsa.

Talata, 11 ga Yuni

Kalim tela ya zo duba ƙyallen, ko asu ya ci. Tun zamanin kakanni gidansu ke naɗa wa sarakunan gidan nan rawani, wai kakansu sojan sarki ne da ya taɓa ɗaure masa rauni a ka da nasa rawanin. Musulmi ne, ba ya shiga haikali, a tsakar gida yake naɗin. In ya gama sai ya ɗan bugi kafaɗar sarki ya ce, "Tashi, mai shara, Maigida na jira." Maigidan shi ne Jagannath. Su kaɗai ke da ikon faɗin haka.

Duba ƙyallen minti biyar, shan shayi awa biyu. Na zuba masa a kofinsa na kan taga, wanda surukata ta ware masa tun ina amarya don kada ya sha da namu. Ya kira ni da laƙabin matar sarki, ya ce, "Rani Ma, bana ma sukari ya yi tafiya ne?" Shekara arba'in da ɗaya yana yi mini wannan tsiyar. Daga nan suka hau musun ƙwallo shi da mutuminsa baban Litu kamar yara.

Juma'a, 14 ga Yuni

Yau Litu ya shigo yana dariya, ya ɗaga ni sama har na ce zai karya ni. Biswal, shugaban ƙungiyarsu ta masu tuta ruwan goro, ya ce shi za su tsayar takarar kansila a unguwarmu.

Bari in rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Ni ban san kan maganganun ƙungiyar nan ba, amma na san abin da ta yi wa ɗana. Shekara talatin da uku, ga digiri, ya zauna jarrabawar aikin gwamnati sau huɗu bai samu ba. Shekara uku yana kwance da waya a hannu, gemu buzu-buzu, in na yi magana ya juya mini baya. Da ya shiga cikinsu ya fara tashi da sassafe zuwa filin motsa jiki. Bayan guguwar watan jiya shi ya yi ta ɗaukar buhunan shinkafa zuwa ƙauyuka. Mutane sun fara gaishe shi da sunansa, ba da sunan kakansa ba. Na yi kuka a bayan murhu, na ce albasa ce.

Ya ce akwai 'yar magana da za su yi da Bapa, wato ubansa. Bai faɗi ko mece ce ba.

Litinin, 17 ga Yuni

An yi wa Jagannath wankan shekara, tulu ɗari da takwas. Kamar kullum zazzaɓi ya kama shi, an rufe shi sai bayan mako biyu. Baban Litu ma ya fara tari don kada a bar shi a baya.

Laraba, 19 ga Yuni

'Yar maganar ta fito, a kan kifina kuwa, wanda na ɓata safiya ina cire wa ƙaya.

Ƙungiya ba ta son Kalim ya yi naɗin bana. Za su kawo wani daga birnin Katak. In gidanmu ya yarda, takara ta Litu ce. In bai yarda ba, wai ta yaya za su tsayar da wanda bai iya da gidansu ba.

Litu ya ce, "Bapa, ba korar kowa za a yi ba. Bikinmu ne, ubangijinmu ne. Kan sarkin Hindu, ranar da ta fi kowace tsarki, a ce sai hannun wani?"

Uban ya ajiye loma. Na san an shiga tsofaffin littattafai ke nan. Ya ce magabata sun rubuta cewa da babu sarki mutane zaman kifaye suke yi, babba ya haɗiye ƙarami, don haka aka nemo mutum ɗaya aka ce ya tsaya a tsakani. Iyakar aikin ke nan.

"To ai shekara ɗari nawa mu ne ƙaramin kifin? Yanzu da muka ɗan yi tsoka sai a ce mu yi shiru?"

"A Sunagar gidajensu arba'in ne, namu dubu huɗu. Kai ka yi lissafi a makaranta."

"Kai fa ba ka da ƙasa, Bapa. Tsintsiya gare ka."

Uban kuwa ko gezau. Ya ce ko kakansa ba shi da ƙasa, ta Jagannath ce, shi ɗan aiki ne kawai, shi ya sa ake ba shi tsintsiya ba takobi ba.

Na ce ku ci kifin nan, manya da ƙananan duk na soya su. Babu wanda ya yi dariya.

Asabar, 22 ga Yuni

Kwana uku. "Ki ce wa ɗanki." "Ki ce wa Bapa." Shi ya yi ritaya daga gidan waya, ni na kama.

Talata, 25 ga Yuni

Biswal ya zo da kansa da kwandon mangwaro. Mutum mai ladabi, har ya taɓa ƙafar baban Litu. Murya kamar ta mai sayar da turare. Ya ce Raja Saheb, wato mijina sarki, alama ce ta al'ummar Hindu, lokaci ya yi da al'umma za ta tsaya da ƙafarta ta zama tsintsiya ɗaya. Ya ce za su gyara mana rufin zaure. Da ya ambaci rufi na ji kunnena ya motsa, ba zan yi ƙarya ba.

Baban Litu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Biswal, na haifi ubanka a wannan maganar. Ni fa ban iya naɗa rawani ba, ubana ma bai iya ba. Da gangan aka hana mu koya, don sarki ya san ba shi ya ɗora wa kansa ba. Ka ci mangwaro."

Bayan ya tafi na zazzage masa. Na ce ƙyalle ne fa! Ɗanka guda ɗaya, ka gan shi da idonka lokacin da yake kwance kamar gawa, yanzu ya miƙe za ka sake kwantar da shi saboda tela? Ya dube ni da idanun nan nasa na saniya ya ce, "Na gani." Shi ke nan abin da ya ce. Mutum mai taurin kai ba ya ko ɗaga murya a samu abin kamawa.

Juma'a, 28 ga Yuni

Litu ya same ni ina tsince shinkafa, ya zauna a ƙasa ya ɗora kai a gwiwata kamar yana ɗan shekara shida, ya kira ni Bou, wato inna. "Bou, in wannan ta wuce ni, ban san me zan zama ba."

Na ci gaba da tsince shinkafar. Amma na san abin da zan yi.

Litinin, 1 ga Yuli

Na ce zan kai rigar da nake sawa da zanen sari a rage mini hannu. Na hau keke mai ƙafa uku zuwa layin teloli. Rabona da layin tun auren 'yar Kalim.

Ya rasa inda zai sa ni. Ya share kujera da hularsa. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, Kalim, ko Jagannath yana zazzaɓi a wannan watan. In kai ma ka yi na kwana ɗaya, ba wanda zai zarge ka.

Sai ya ce, "Don Litu ne?" Na ce e. Ya ce shi ya ɗinka masa wandon makaranta na farko, ya yi masa aljihu uku saboda yana son tara duwatsu. "Wallahi, Rani Ma, da kin aiko ma ya isa. Dama yaran nan sun zo sau biyu sun tsaya a ƙofar shago, ba su ce komai ba, kallo kawai. Zan yi zazzaɓin."

Da ya yi faɗa da na fi jin daɗi.

Har na miƙe ya ce in tsaya. Wai in gaya wa mutumin Katak kada ya matse ta gefen hagu, akwai jijiyar da ke sa masa ciwon kai. Kuma a jiƙa auduga a shimfiɗa a tsakiyar kai kafin a fara naɗi. Na ce audugar me? Ya ce shekara shida da suka wuce Raja Saheb ya kusa faɗowa daga kan karusa, rana ta buge shi, jiri ya ɗebe shi, da tsintsiyar ya dogara. Tun daga nan yake sa masa auduga a ɓoye. "Ya ce kada in gaya miki, wai za ki hana shi hawa."

Da na hana shi kuwa. Ina can saman bene ina cin gyaɗa da matan dangi, ban ga komai ba. Tela ya san kan mijina fiye da ni.

Na dawo da rigar ban ba shi ba.

Laraba, 3 ga Yuli

Matar Kalim ta aiko, wai zazzaɓi ya kwantar da shi. Litu har da rungume ni. Uban ya ce, "Ikon Jagannath. Shekara hamsin ban taɓa jin ya yi ko mura ba." Ya dube ni ta saman tabarau, na ce madara za ta zube na shige kicin.

Alhamis, 4 ga Yuli

Ƙafafuna sun kumbura. Gobe.

Juma'a, 5 ga Yuli

To.

Mutumin Katak ya zo tun da hantsi, gashi sharkaf da mai, da akwatin allurai. Ashe a gidajen biki yake naɗa wa angwaye. Biswal da yaransa sun cika tsakar gida da tutoci, Litu cikin sabuwar farar riga, kyakkyawa kamar ubansa a da. Baban Litu ya yi wanka ya zauna a kan kujerar naɗi, ba musu. Na ce a raina an gama.

Mutumin ya ɗauki ƙyalle. Sai nawa ya ce, "Ɗana, in ka gama me za ka ce mini?"

Ya ce, "Zan ce ya yi kyau, ranka ya daɗe."

Baban Litu ya gyaɗa kai. Ya miƙe, ya ɗauki tsintsiyarsa, ya ce, "Bari in duba mara lafiya tukuna." Ya fita. Kai ba komai, ƙafa ba takalmi, sanƙon nan yana ƙyalli.

Litu ya riƙe hannuna. "Bou, ki tsayar da shi. Ke kaɗai yake ji."

Gaskiya ne, da na kira shi da ya tsaya. Na buɗe baki ma. Amma ruwan safe ya ɗauke, rana ta fito da zafinta irin na bayan ruwa, ni kuwa ba abin da nake gani sai tsakiyar kan nan. Daga gidanmu zuwa layin teloli tafiya ce mai nisa ga ɗan shekara saba'in. Ban yi tunanin sarauta ba, ban yi tunanin kifaye ba. Na fizge ƙyallen daga hannun mai allurai, na yagi auduga daga kwandon fitilun ibada na tsoma a randa, na bi shi. Ban kalli fuskar Litu ba. Da na kalla da ban fita ba.

Ni da ban taɓa taka kasuwa da ƙafa ba ranar biki! Makaɗa suka ga sarki ya wuce da tsintsiya, matarsa na binsa da yadi tara a kafaɗa, suka ɗauka wata tsohuwar al'ada ce aka farfaɗo da ita, suka bi mu da ganguna. Kafin mu kai layin rabin gari na bayanmu.

Muka sami mara lafiya a ƙofar gida da singileti, yana shan jiƙaƙƙiyar shinkafa da soyayyen kifi. Ya daskare da loma a hannu.

"Kalim, ya jikin?"

"Yanzun nan ya sauka, Raja Saheb."

"To wanke hannu, kana warin kifi."

Kalim ya dube ni. Na miƙa masa audugar. Ban san me fuskata ta ce masa ba, ya dai karɓa.

A kan kujerar keken ɗinki aka yi naɗin, a tsakiyar layi, awaki na wucewa. Yana cikin zagaye na uku wani yaron Biswal ya ɗaga murya daga baya ya faɗi wata kalma a kan Kalim, ya haɗa da mai kan. Ba zan rubuta ta ba. Ganguna suka tsaya. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don na ga matan layin suna jan 'ya'yansu ciki.

Sai na ji muryar Litu. Ashe ya biyo mu. "Kai! Ubana ne. Wancan kuma shi ya ɗinka wandon da ke jikinka. Rufe mana baki." Ya ratso mutane, fuska a murtuke, bai kalli kowa ba, ya karɓi laimar sarauta daga hannun mai riƙe da ita ya ɗaga a kan ubansa.

Kalim ya soke bakin ƙyallen, ya bugi kafaɗarsa. "Tashi, mai shara, Maigida na jira."

Karusa ta makara da awa biyu. Ban koma bene ba, a ƙasa na tsaya cikin turmutsutsu, wata mai sayar da furanni tana taka mini ƙafa. Karon farko da na ga sharar daga ƙasa. Tsoho ne yana sunkuyawa da ƙyar, yana bi lungu-lungu, har da komawa inda ya tsallake. Da gaske yake sharar, ashe. Mutane dubu sun yi tsit suna jiran ya gama.

Talata, 9 ga Yuli

An ba ɗan ƙanwar Biswal takarar. Ko kiran Litu ba su yi ba, a waya ya gani.

Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Bou, ke ce kika ɗauki ƙyallen." Na ce ni ce. Ya ce har yanzu yana ganin ƙungiya ce ke da gaskiya a kan ƙasar nan, Bapa yana zaune ne a zamanin da ya wuce, laimar kuma don rana ya riƙe. Na ce na sani, ni ma don rana na bi shi.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ya tafi birnin Bhubaneswar, wani abokinsa zai sa shi a kamfanin kai kaya. Ya taɓa ƙafata. Ya tsaya a ƙofar ɗakin ubansa, ya taɓa dokin ƙofar, ya wuce. Uban yana ciki riƙe da jarida a juye.

Na dafa shinkafar mutum uku.

Lahadi, 21 ga Yuli

Ruwa tun jiya. Ɗaki na goma sha ɗaya ya fara yoyo, an sa bokiti.

Litu ya kira da rana. Aikin da wahala, abincin ba daɗi, amma yana tashi da wuri. Ya yi ta jan magana, can ya ce, "Yana shan maganin hawan jinin?" Na ce ga shi nan kusa, ka tambaye shi. Ya ce a'a, kuɗin waya. Amma bai kashe ba. Na ɗora wayar a kunnen uban. Minti biyu suna maganar ruwan sama, ɗaya ya ce ana yi, ɗaya ya ce nan ma. Da aka gama tsohon ya shiga neman tabarau, yana kan hancinsa, na ƙyale shi ya nema.

Har yau bai tambaye ni zancen zazzaɓin ba. Ranar nan dai ya ce rigar da na kai a rage wa hannu har yanzu hannunta na nan yadda yake.

Da yamma Kalim ya zo mayar da ƙyallen, ya wanke ya goge. Ya ce ɗinki ya ragu, wasu sun daina kawo masa. Ya faɗa yana dariya, ni ban yi ba. Na kawo masa rigar da wasu guda uku da ba abin da ya same su.

Na haɗa shayi. Kofin kan taga ya yi ƙura, ruwa kuma ya tarar a ciki, na ji ƙyuyar wankewa, iyakarta ke nan. Na zuba masa a cikin na gida, mai bakin zinariya, irin wanda sarki ke sha da shi. Ya riƙe da hannu biyu ya daɗe bai kai baki ba. Baban Litu kuma ya ɓuya a bayan jarida, yana tsammanin ban ga kunnuwansa suna motsi ba.

Ya kurɓa. Ya ce, "Rani Ma, sukari..."

Na ce cokali uku na sa, ya sha ya ba ni wuri.